Chiya ko filaks: wace ƙwaya ta cancanci cokalinka na kullum?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar gyara cimarsa, ya shiga intanet neman 'yar ƙwayar da zai riƙa barbaɗawa a abinci, ba zai jima ba sai ya ga sunaye biyu ne ke ta kai-komo a gabansa: chiya da filaks. Chiya ce ke tashe yanzu. Ita ake ɗauka a bidiyo tana kumbura cikin kofi, ita ake jingina wa narkar da teɓa, wanke hanji, gyaran fata da sauran alkawura birjik. Filaks ba shi da masu yi masa kirari haka, alhali idan aka zauna aka duba abin da likitoci suka gwada a jikin mutane, shaidarsa ta fi ta chiya nauyi a wasu wurare masu muhimmanci. Dukansu abinci ne nagari, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, ba kuma hidima ɗaya suke buƙata ba. Zaɓin ya rataya ne a kan abu biyu: me mutum yake nema, kuma wace ɗawainiya zai iya yi kowace safiya ba tare da ya gaji ya watsar ba.

Chiya ƙwayar wani tsiro ce ɗan dangin na'a-na'a, wanda masana ke kira Salvia hispanica. Asalinta tsakiya da kudancin Meziko ne da Gwatamala. Mutanen Aztek sun noma ta tun kafin zuwan Turawan Sifaniya a ƙarni na 16, har haraji ake biyan masarautarsu da ita, tare da masara da wake. Bayan mamayar nomanta ya ja baya ƙwarai, sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka farfaɗo da shi don kasuwa. Tarayyar Turai ma sai a 2009 ta amince a sa ta a abinci, shi ma a burodi kawai, da sharaɗin kada ta wuce kashi 5 cikin 100. Filaks kuwa yana cikin tsirran farko da ɗan'adam ya noma a Gabas ta Tsakiya. Da zarensa ake saƙa yadin lilin, wanda Misirawan da can suka naɗe gawarwakin sarakunansu da shi, da mansa kuma ake haɗa fenti. A yau Rasha, Kazakistan da Kanada ne manyan manomansa. Shi ya fi daɗewa a hannun masu binciken lafiya, don haka gwaje-gwajensa suka fi yawa.

Idan aka ɗora su a sikeli, bisa alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, giram 28 na chiya na ɗauke da kalori kusan 138, faiba (harzar abinci da ciki ba ya narkarwa) kusan giram 10, furotin giram 5 ba kaɗan, da man omega-3 kusan giram 5. Filaks mai nauyi iri ɗaya yana da kalori kusan 150, faiba giram 7 da rabi, furotin giram 5, omega-3 kuma ya haura giram 6. Wato chiya ta fi faiba, filaks ya fi mai. A kalsiyam ne tazarar ta fito fili: chiya na da kusan miligiram 180 a wannan awo, filaks kusan 70.

Sai dai babu mai auna abinci a sikeli da sassafe, da cokali muke ɗiba, kuma nan ne lissafin ke juyewa. Ƙwayar chiya ƙanana ce, tana cika cokali dam, babban cokali ɗaya ya kan kai giram 12. Garin filaks sakayau ne, babban cokalinsa bai wuce giram 7 ba. Saboda haka cokali ɗaya na chiya zai ba ka faiba giram 4 da omega-3 giram 2, yayin da cokali ɗaya na garin filaks zai ba ka faiba giram 2 da omega-3 kusan giram 1.6. Wanda ya karanta cewa filaks ya fi omega-3, ya koma zuba cokali ɗaya na garinsa maimakon cokali ɗaya na chiya, a zahiri ragewa ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, kuma akasarin mutane ba sa kaiwa. Cokali biyu na chiya sun rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan buƙata, abin da garin filaks sai ya kai cokali huɗu kafin ya yi.

Maganar omega-3 tana buƙatar a tsaya a kanta, domin da ita ake tallan ƙwayoyin biyu, har ka ji ana cewa chiya ta fi kifi. Omega-3 ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke cikin chiya da filaks shi ne ALA. Wanda ke cikin kifi mai maiƙo, irin su sadin da salmon, su ne EPA da DHA, kuma a kansu aka yi mafi yawan binciken da ya shafi zuciya, ido da ƙwaƙwalwa. Jiki yana iya juya ALA zuwa EPA, amma kaɗan, sau da yawa ƙasa da kashi 10 cikin 100, abin da ke zama DHA kuma bai taka kara ya karya ba. Jikin mata ya ɗan fi na maza iya wannan aiki. Wannan ba ya nufin ALA banza ne. Jiki ba ya iya ƙirƙirarsa, dole sai an ci, kuma abin da aka ƙayyade a Amurka shi ne giram 1.6 a rana ga namiji, giram 1.1 ga mace, wanda cokali guda na kowacce ƙwaya ya wadatar. Abin lura shi ne, wanda likita ya ce ya ƙara cin kifi, ko mai juna-biyu da ke buƙatar DHA, ba chiya ko filaks ne za su maye masa gurbi ba. Wanda ba ya cin kifi sam, man da ake tatsa daga gansakuka shi ne madadin na gaske.

Inda zaɓin yake karyewa: niƙa da ajiya

Ƙwayar filaks tana da ɓawo mai tauri da santsi. In aka haɗiye ta ɗungurungum, yawancinta haka take ratsa hanji ta fita ba tare da ta saki man da ke cikinta ba. Dole a niƙa ta. Da zarar an niƙa kuma, man ya haɗu da iska da haske, ya fara lalacewa. Sabon garin filaks ƙamshin gyaɗa-gyaɗa yake yi, mai daɗi. Wanda ya kwana biyu a wuri mai zafi sai ya koma ɗaci a harshe, yana tashin warin fenti, kuma in ya kai haka zubarwa ake yi. Ke nan mai cin filaks yana buƙatar injin niƙa ɗan ƙarami ko bilenda, mazubi mai murfi da haske ba ya shiga, da firij ko firiza. Ya niƙa na mako ɗaya ko biyu, ya adana a sanyi, in ya ƙare ya sake. Garin da aka niƙa tun daga masana'anta yana sauƙaƙa aikin, amma ba ka san tsawon zaman da ya yi a kanta ba, don haka hanci ne alƙali a ranar da aka buɗe shi.

Chiya ba ta da wannan rigima. Ɓawonta sirara ne, yana laushi a ruwa, kuma tana ɗauke da sinadaran da ke kare manta daga lalacewa, shi ya sa ƙwayar da ba a niƙa ba take yin shekara ko fiye a busasshen wuri mai sanyi. A ganina wannan ne babban abin da ta fi filaks da shi, fiye da duk wani alƙalami na kan kwali, domin abincin da ke gyara lafiya shi ne wanda aka ci yau, aka ci gobe, aka ci wata shida masu zuwa.

Amma akwai wani abu da masu tallan chiya ba su cika faɗi ba. A 2012 David Nieman da abokan aikinsa na Jami'ar Appalachian da ke Arewacin Karolina a Amurka sun ba mata masu ƙiba da suka daina al'ada giram 25 na chiya kullum har mako 10, wasu ƙwaya, wasu gari. Waɗanda suka ci gari ne aka ga ALA da EPA sun ƙaru sosai a jininsu, masu cin ƙwayar kuwa ba a ga wani canji na a zo a gani ba. Ashe ita ma chiya, in omega-3 ake nema, niƙawa ta fi. Faibarta dai tana aiki ko an niƙa ko ba a niƙa ba. Wanda ya zaɓi chiya don gudun niƙa, ya sani cewa faiba ya saya da tabbas, man kuwa wani sashe ne kawai zai samu.

Jiƙa chiya shi ne aikin da ya kamata kowa ya iya kafin ya fara ci. A zuba babban cokali ɗaya a rabin kofin ruwa ko madara, a juya. Da farko ƙwayoyin suna yawo a sama, wasu na nutsewa. Bayan minti biyu ko uku za ka ga kowace ƙwaya ta yi wa kanta wani lulluɓi garai-garai mai yauƙi, baƙin ɗigo a tsakiya, kamar ƙwan kwaɗo a bakin tafki. A wannan lokaci ne ake sake juyawa. In aka bari, sai su dunƙule a gindin kofi, waje ya jiƙu, ciki ya zauna a bushe, cokali ma da ƙyar yake fasa curin. Bayan minti 15 zuwa 20 ruwan ya yi kauri, in kuma aka bar shi ya kwana a firij sai ya kama sosai har a ci da cokali. Chiya na shan ruwa ninki 10 zuwa 12 na nauyinta.

Wannan baiwa tata ita ce kuma hatsarinta. A 2014 an gabatar wa taron likitocin ciki na Amurka labarin wani mutum ɗan shekara 39 da ya haɗiye cokali guda na busasshiyar chiya, ya kora da ruwa. Ƙwayar ta kumbura a hanyar abinci tun kafin ta isa ciki, ta toshe ta, har miyau ya kasa wucewa, sai da likitoci suka zura na'ura suka riƙa tura curin kaɗan-kaɗan. Mutumin dama yana da matsalar haɗiya. Ba abu ne da ke faruwa kullum ba, amma ya isa ya sa a daina afa busasshiyar chiya a baki, kuma a kiyaye sosai da ƙananan yara, tsofaffi, da duk wanda abinci ke tsaya wa a maƙoshi. Barbaɗa ƙaramin cokali a kan yogot ko 'ya'yan itace masu ruwa ba laifi ga mai lafiya. Garin filaks ma yana yauƙi a ruwa kuma yana son a bi shi da ruwa, sai dai bai kai chiya kumbura ba.

Abin da gwaji ya nuna

A hawan jini filaks ne a gaba, kuma da tazara. A 2013 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Winnipeg na Kanada a kan mutum 110 masu ciwon toshewar jijiyoyin ƙafa, yawancinsu da hawan jini. An ba rabinsu abinci mai ɗauke da giram 30 na garin filaks kullum har wata shida, sauran aka ba su irin abincin babu filaks, ba tare da kowa ya san nasa ba. A ƙarshe, awon jinin masu cin filaks ya yi ƙasa da na sauran da kusan maki 10 a lambar sama, maki 7 a lambar ƙasa. Wannan sauka ce babba ga abinci. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna sauka mafi ƙanƙanta, amma duk hanya ɗaya suka nufa. Haka kuma akwai shaida mai yawa cewa garin filaks yana rage mugun kolestarol daidai gwargwado. A lura dai, giram 30 cokali huɗu ne na gari a kowace rana, ba ɗan barbaɗe ba, kuma mutanen ba su daina shan magungunansu ba.

Chiya ma tana da nata. Vladimir Vuksan da tawagarsa a Toronto sun ba masu ciwon suga 20 kusan giram 37 a rana har mako 12, a wani gwaji da ya fito a 2007, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 6. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mutum 20 kaɗan ne, kuma wasu gwaje-gwajen ba su ga irin haka ba.

A suga kuwa chiya ta ɗan ɗara. Wannan tawaga ta Toronto ta haɗa ƙwayoyin biyu kai-tsaye a 2017: aka ba lafiyayyun mutane ruwan sukari, wani lokaci da garin chiya, wani lokaci da garin filaks. Dukansu sun rage hawan suga bayan sha, amma chiya ta fi jinkirta shi, ta fi rage ƙololuwarsa, mutanen kuma suka fi jin ƙoshi. Dalilin a bayyane yake: kaurin nan da take yi a kofi shi take yi a ciki, sai abinci ya riƙa wucewa hanji a hankali. Amfanin yana zuwa ne idan an ci ta tare da abincin, ba a wani lokaci daban ba.

Sai batun rage ƙiba, wanda shi ne ya kai mafi yawan mutane ga chiya, kuma shi ne inda nake ganin an fi yaudarar jama'a. Nieman ya gwada wannan a 2009: masu ƙiba suka ci giram 50 na chiya kullum har mako 12, nauyinsu da kitsen jikinsu ba su canza ba. A wani gwajin na Toronto da ya fito a 2017, masu ciwon suga da suka ci chiya wata shida sun rage kusan kilo 2, waɗanda ba su ci ta ba kuma ƙasa da rabin kilo, amma dukansu an rage musu abincin da suke ci ne tun farko. Abin da za a ɗauka a nan shi ne, chiya na iya taimaka wa wanda ya riga ya rage ci ya jure yunwa. Ba ta narkar da kitse. Wanda ya ƙara cokali biyu a kan abincin da ya saba, ya ƙara wa kansa kalori fiye da 100 ne a rana. Ruwan chiya da lemon tsami da ake sha da asuba ba shi da wani sirri da ya wuce ruwa da faiba. Filaks ma haka, ba shi da wani abin al'ajabi a nan.

Ga mai fama da taurin bayan gida, kowanne zai yi, muddin ana shan ruwa isasshe. In babu ruwa, faiba ƙara ɗaure ciki take yi. Kuma in gaskiya za a faɗa, wanda matsalarsa ita ce wannan kaɗai, ko kolestarol kaɗai, akwai na uku da ya fi su shaida, wato ɓawon ƙwayar siliyom, wani tsiro da ake nomawa a Indiya, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince tun 1998 a rubuta a kwalinsa cewa yana taimaka wa zuciya. Sai dai shi faiba ce zalla, babu mai, babu furotin, ya fi kusa da magani fiye da abinci.

Kalsiyam ɗin chiya abin so ne ga wanda ba ya shan madara, amma kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Kofin madara na da kusan miligiram 300, wato sai an ci chiya cokali huɗu kafin a kamo shi a takarda, kuma ƙwayoyi irin waɗannan suna ɗauke da sinadaran da ke riƙe wani sashe na kalsiyam da ƙarfe su hana jiki tsotsa.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Kowace ƙwaya tana da nata aibin, kuma ga wasu mutane wannan ne zai yanke hukunci tun kafin a zo maganar amfani. Chiya na da okzalet da yawa, sinadarin da ke haɗuwa da kalsiyam ya zama nau'in tsakuwar ƙoda da aka fi samu. Filaks ba shi da shi sosai. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, filaks ya fi masa kwanciyar hankali, in kuma chiya yake so, ya ci kaɗan, tare da yogot ko madara, domin kalsiyam ya kama okzalet ɗin tun a hanji. Mai ciwon ƙoda da aka taƙaita wa fosfaras da fotasiyam kuwa, dukansu biyu sai da izinin likita.

Filaks nasa aibin biyu ne. Na farko, yana ɗauke da wasu sinadarai da ke sakin ɗan gubar sayanaid idan aka niƙa ƙwayar ta haɗu da ruwa. Jikin baligi yana kawar da ƙaramin adadi ba tare da matsala ba, kuma cokali ɗaya ko biyu a rana bai kai inda ake tsoro ba a wurin yawancin masana, amma hukumar abinci ta Suwidin ta zaɓi taka-tsantsan, ta shawarci mutanenta su guji cin niƙaƙƙen filaks. Dahuwa da gashi cikin kwaɓi mai ruwa suna rage sinadarin ƙwarai. Don haka wanda zai ci da yawa, gara ya sa a burodi ko ya dafa cikin ots, ya rarraba a wuni maimakon ya kwankwaɗe ɗanye lokaci guda, kuma ba a ba ƙananan yara ɗanyen garin da yawa. Na biyu shi ne lignan. Babu abincin da aka sani ya kai filaks yawan wannan sinadari, wanda ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji ke juyawa zuwa wani abu mai ɗan kama da istirojin, sinadarin jikin mata, ko da yake ƙarfinsa kaɗan ne. Masu bincike da yawa suna kallonsa a matsayin alheri, amma mai juna-biyu, mai shayarwa, da wadda ake yi wa maganin cutar da ta shafi istirojin, su tambayi likita kafin su mai da filaks abincin kullum. Chiya ba ta da wannan damuwa.

Akwai kuma abin da ya haɗa su. Faiba mai yauƙi tana iya rage saurin tsotsar magani, saboda haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin ƙwayar da shan magani. Mai shan maganin tsinka jini, maganin hawan jini ko na suga, ya sanar da likitansa in zai riƙa cin cokula da yawa, ya kuma ci gaba da awo.

A baki, chiya kusan ba ta da ɗanɗano, duk abin da aka zuba ta ciki shi take bi. Matsalarta yauƙi, da maƙalewa a haƙora, kuma akwai mutanen da ko kusa ba sa iya haɗiye abu mai wannan santsi. Irin waɗannan su niƙa ta, ko su markaɗa ta da ayaba da madara, yauƙin sai ya ɓace cikin kauri. Filaks yana da ɗanɗanonsa, ya fi dacewa da abu mai ɗumi da kayan gashi, a ruwan sanyi kuwa gari-gari yake yi. Masu yin kek ba ƙwai suna amfani da kowanne: cokali ɗaya na gari da cokali uku na ruwa, a bari ya yi kauri, ya tsaya a madadin ƙwai ɗaya wajen haɗe kwaɓi, ko da yake ba ya sa shi tashi.

Da za a tambaye ni, ga yadda zan raba. Mai hawan jini ko kolestarol da ke son abinci ya tallafa wa maganinsa, yana da firij, kuma niƙa ba za ta gundure shi ba, filaks ne nasa, cokali biyu zuwa huɗu na gari, mafi yawa a dafe. Wanda burinsa ƙarin faiba, daɗewa da ƙoshi, da lafawar suga bayan cin abinci, ko wanda ya san kansa, ya san ba zai juri niƙa da adanawa a sanyi ba, ko matafiyi, chiya ce tasa. Mai tarihin tsakuwar ƙoda ya karkata ga filaks, mai juna-biyu ta karkata ga chiya, mai matsalar haɗiya ya nisanci busasshiyar chiya gaba ɗaya. Lafiyayyen mutum da ba shi da wata buƙata ta musamman, na fi son ya fara da chiya, domin ita ce ta fi wuyar a watsar, in al'adar ta zauna sai ya kawo garin filaks ya haɗa, cokali ɗaya na wannan, ɗaya na wancan. Haɗawar ba ta da illa, kuma tana rage yawan okzalet da sayanaid da za a samu in da ɗaya aka tsaya a kai aka ninka. Wanda kuwa dama yake cin wake, ganye, hatsi da dusarsa, 'ya'yan itace da kifi a kai a kai, abin da ƙwayoyin nan za su ƙara masa kaɗan ne, ba dole ne ya saya ba.

Kowacce aka ɗauka, a fara da ƙaramin cokali ɗaya a rana na kwana uku ko huɗu, sannan a ƙara. Hanjin da bai saba da faiba ba, in aka auka masa cokali biyu rana ɗaya, kumburin ciki da iska ne za su biyo baya, kuma a nan ne mutane da yawa ke yanke cewa ƙwayar ba ta karɓe su ba. Cikin mako biyu ko uku a kai babban cokali ɗaya zuwa biyu, ana ƙara shan ruwa daidai da ƙarin. In aka ga ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko ƙuncin numfashi, a daina nan take a nemi likita, musamman ga wanda dama riɗi ba ya karɓarsa, domin an samu masu irin wannan rashin jituwa da chiya ma.

Wajen saye, baƙar chiya da fara kusan ɗaya suke a amfani, kada launi ya ruɗi kowa. Wadda za a guje wa ita ce mai yawan ƙwayoyi ruwan ƙasa, domin alama ce ta an girbe ta ba ta nuna ba, manta kaɗan ne kuma tana ɗaci. Filaks mai ruwan ƙasa da mai ruwan zinariya su ma kusan ɗaya ne, na zinariyar ya ɗan fi laushin ɗanɗano. A duba ranar lalacewa, a tabbatar an rubuta cewa na ci ne, domin man filaks da ake sayarwa don fenti da goge katako ana zuba masa sinadaran da ba a ci. Chiyar da aka jiƙa kuma a firij take zama, a rufe, a cinye ta cikin kwana uku zuwa huɗu.